Ciwon damuwa: likitoci na muhawara, mu kuma kada mu bar ɗan'uwa a ɗaki



A 'yan makonnin nan wani saƙon murya ya yi ta yawo a zaurukanmu na WhatsApp. Mai maganar yana cewa wai Turawa da bakinsu sun amsa cewa maganin ciwon damuwa ƙarya ne, kasuwancin kamfanoni ne kawai, don haka duk mai shan sa ya watsar ya kama addu'a. Da yawanmu mun saurara, wasu ma sun tura gaba da kyakkyawar niyya. Abin da ya tilasta mana wannan rubutu shi ne abin da ya faru da wani ɗan'uwanmu a nan Ibadan. Yana wata na huɗu a kan magani, ya fara barci, ya fara cin abinci, har ya koma bakin sana'arsa. Da ya ji saƙon sai ya daina sha a rana ɗaya. Ba a yi mako guda ba jiri da rashin barci suka kama shi, bayan wasu makonni kuma ya koma ɗaki ya ja ƙofa kamar yadda yake a da. Ba za mu ambaci sunansa ba. Alhamdu lillahi an mayar da shi wurin likitansa, kuma yana samun sauƙi.

Haɗarin wannan saƙo shi ne akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa. Lallai likitocin ƙwaƙwalwa na duniya suna muhawara mai zafi a kan yadda ya kamata a yi jinyar ciwon damuwa da na fargaba. Amma duk wanda ya bi muhawarar a tsanake zai ga gardamarsu a kan wane magani ne ya dace da wane mai ciwo, da tsawon lokacin da za a sha, da yadda za a daina. Ba mu ji ɓangare ko ɗaya da ya ce a bar mai ciwo ba jinya ba, balle ya ce a daina ƙwaya a rana ɗaya. Matsayinmu a wannan shafi shi ne: ba kowane mai damuwa ne ke buƙatar ƙwaya ba, amma kowane mai wannan ciwo yana buƙatar wanda ya san ciwon ya duba shi.

Mene ne ciwon, kuma me ya sa ba mu gane shi

Matsalar ta fara ne daga harshenmu. Kalmar damuwa ta haɗa komai. Wanda kayansa suka kwana a hanya yana cikin damuwa, wanda aka yi wa rasuwa yana cikin damuwa, wanda ya kasa tashi daga shimfiɗa wata biyu shi ma damuwa muke ce wa abin da ke damunsa. Shi ya sa in an ce damuwa ciwo ce, sai dattijo ya yi murmushi ya ce wa ya rasa damuwa a ƙasar nan?

Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa yana da iyaka sananniya. Mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, zuciyarsa a ƙuntace, ko kuma abin da a da yake jin daɗinsa ya fita daga ransa: hira, kasuwa, wasa da 'ya'yansa, har iyalinsa. Tare da haka barci ya lalace, ko ya ƙi zuwa ko mutum ya farka tun tsakar dare ya kasa komawa. Cin abinci ya canza, jiki ya mutu, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa jin gara ma ya bar duniya. Ciwon fargaba kuwa zullumi ne da ya wuce ƙima, wanda ke ɗaukar watanni ba ya sakin mutum ko da babu abin tsoro a gabansa. Akwai kuma nau'in da ke zuwa farat ɗaya: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, mutum ya tabbata ajalinsa ne ya zo, bayan 'yan mintoci abin ya lafa. A wurinmu wannan sau da yawa sunansa shafar aljanu.

Mutanenmu kuma ba safai suke zuwa asibiti su ce ransu a ɓace yake ba. Abin da za su ce shi ne kai yana zafi, ƙirji ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jiki, gaba yana faɗuwa. Sai a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wata bayan wata, kuɗi na tafiya, ciwo na nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, miliyan 301 kuma da ciwon fargaba. Babu wani dalili da zai sa mu ɗauka cewa Sabo ko Agege ko Mile 12 suna wajen wannan lissafi.

Hasali ma zamanmu na Kudu yana da nasa nauyin. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 sun san 'yan uwan da suka rasa rumfa da jari a yini ɗaya, kuma akwai waɗanda har yau ƙarar hayaniya ke sa jikinsu rawa. Hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022 ya raba matasa da yawa da abin da suke ci da shi. Ga wayar da ake bugowa daga gida tsakar dare, an ɗauke wane, ana neman kuɗin fansa. Ga mai jego a ɗaki ɗaya, ba uwa ba gwaggo a kusa, miji ya fita tun asuba. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, mu kuwa sai mu ce ta cika son jiki.

Ina gaskiyar saƙon, ina kuskurensa

Tushen maganar da ke yawo wani nazari ne da Farfesa Joanna Moncrieff ta wata jami'a a Landan da abokan aikinta suka fitar a watan Yulin 2022. Shekaru da dama ana gaya wa mutane cewa ciwon damuwa yana faruwa ne saboda ƙarancin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, kuma ƙwayar tana cike giɓin ne. Su Moncrieff suka tattara binciken da aka yi a baya suka ce babu tabbatacciyar hujja a kan wannan bayani. Wasu masana sun soki yadda aka yi nazarin, amma da yawa daga cikin likitocin ƙwaƙwalwa sun yarda cewa bayanin ƙarancin sinadari ɗaya ya yi sauƙi da yawa. Ciwon yana da jijiyoyi masu yawa: gado, wahalar ƙuruciya, asara, kaɗaici, talauci, wasu cututtukan jiki.

To amma kuskuren bayanin yadda magani ke aiki abu ne daban da cewa maganin ba ya aiki. Turawa sun yi fiye da shekara 200 suna maganin zazzaɓi da ɓawon itacen da ake samun kwinin daga gare shi, alhali suna zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo ciwon. Sai a shekarar 1897 aka tabbatar da hannun sauro a ciki. Bayaninsu kuskure ne, amma zazzaɓin yana sauka.

Tambayar ko ƙwayar damuwa tana aiki an amsa ta ta wata hanyar. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan mutum fiye da 116,000, aka duba magunguna 21. Kowane ɗaya daga cikinsu ya fi ƙwayar bogi wadda ba magani a cikinta. Sai dai gaskiya ita ce tazarar, idan aka yi matsakaicin lissafi, ba mai yawa ba ce, ba kamar kwinin da zazzaɓi ba. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu babu. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa da maganin farko da aka ba shi. Sauran sai an canza musu ko an ƙara wani. Don haka wanda ya sha magani na farko bai ga canji ba, abin da ya kamata ya koma wurin likita, kada ya yanke ƙauna.

Saboda irin wannan ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sabunta shawararta a 2022. Ta ce idan ciwon bai yi tsanani ba, kada a fara da ƙwaya kai tsaye sai in mai ciwon ne ya zaɓa. A fara da zaman tattaunawa da ƙwararre, da motsa jiki cikin tsari, da makamantansu. Idan kuwa ya yi tsanani, a haɗa ƙwaya da tattaunawa. Wannan ita ce maganar da muka tsaya a kai: magani ya bi nauyin ciwo.

Akwai wani wuri da masu suka suka yi gaskiya, kuma likitoci suka gyara. An daɗe ana cewa daina ƙwayar damuwa ba shi da wahala. A 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta amsa cewa wasu mutane suna shan wahala mai tsanani kuma mai tsawo idan suka daina. Har yau ana jayayya a kan yawansu: wani nazari na 2019 ya ce sun haura rabi, wani na 2024 ya ce kusan ɗaya ne cikin shida ko bakwai, masu tsananin wahala kuma kimanin kashi 3 cikin 100. Ko wanne lissafi aka ɗauka, darasin ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya faru da ɗan'uwanmu: ba a daina wannan magani farat ɗaya, ana rage shi ne sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.

Ga mai shan maganin da kuma masu jinyarsa, ga abubuwan da ya kamata a riƙe. Ba ya aiki a kwana biyu. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, wani lokaci fiye. A kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai ko ƙarin rashin natsuwa. Wasu yana rage musu sha'awar iyali, kuma wannan abin faɗa wa likita ne ba kunya, domin ana iya canza magani. Bayan an ji sauƙi ana so a ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar sa ido sosai a makonnin farko, domin hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa a wasu kaɗan daga cikinsu tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa a lokacin. Tsohon maganin nan mai araha da ake yawan bayarwa a asibitocinmu, amitiriftilin, yana aiki, amma wuce ƙima a shansa yana da haɗari ga zuciya, don haka a ajiye shi a hannun wani babba a gida, nesa da yara.

Ƙwayar da muke tsoro da wadda ba mu tsoro

Abin mamaki a al'ummarmu shi ne muna gudun ƙwayar da likita ya rubuta, muna cewa za ta mayar da mutum bawanta, amma muna haɗiyar wadda ta fi ta kama mutum ba tare da ko tambaya ba. Wanda ya kasa barci sai ya je kemis a ba shi Valium ko Lexotan. Waɗannan suna kwantar da fargaba nan take, shi ya sa ake son su. Amma ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, domin jiki yana sabawa, sai an ƙara yawa, in an daina kwatsam kuma har farfaɗiya suna iya jawowa. Ba sa warkar da ciwon damuwa, lulluɓe shi suke yi. An gudu gara an faɗa zago ke nan.

Haka matashin da ke jin zuciyarsa a ƙuntace abokai za su miƙa masa tiramol ya ji ƙarfin aiki. Haka aka yi da kodin a ɗakunan mata, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Wani binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Ba mu ce dukkansu masu ciwon damuwa ne ba. Amma duk wanda ya taɓa zama da irin yaran nan ya ji labarinsu ya san da yawansu maganin wani abu suke nema da ba su san sunansa ba. Mu kuma sai mu ga shaye-shayen, ba mu ga abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Magana ma magani ce

Idan aka ce jinya ta tattaunawa, wasu sai su ɗauka nasiha ce irin ta "ka yi haƙuri". Ba haka ba ne. Aiki ne mai tsari, zama bayan zama, inda ake koya wa mutum ya kama tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, kamar "ni ba ni da amfani" ko "komai ya ƙare", ya auna shi da hujja. Ana taimaka masa ya koma ga ayyukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya, ko da ransa bai so ba, domin sau da yawa jin daɗin yana biyo bayan aikin ne. Mai fargaba kuma ana koya masa ya tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan har tsoron ya ragu. Wani likitan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara wannan hanya a shekarun 1960, kuma bincike ya nuna a ciwon da bai yi tsanani ba tana yin abin da ƙwaya ke yi, ribarta kuma takan daɗe bayan an gama.

Wanda ke ganin wannan baƙon abu ne ga Musulmi ya nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke saukar wa mutum ba tare da sababi na fili ba, wanda ya danganta shi da jiki. Ya kuma yi bayanin jinyar rai ta hanyar gyara tunani da kuma sauraron mai hikima. Fiye da shekara 1,000 ke nan, wani malamin Musulunci ya riga ya ɗauki wannan a matsayin ciwon da ake yi wa magani.

Sai dai a nan ne muhawarar Turai ta bambanta da halin da muke ciki. Su suna gardamar ƙwaya ko tattaunawa ne saboda suna da duka biyun. Mu a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, wasunsu kuma suna ficewa waje. Masu aikin tattaunawa sun fi haka wahalar samu, balle mai jin Hausa a Ibadan ko Legas. Ta yaya dattijuwa za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta, wanda wataƙila ɗanta ne ko surukinta?

Amsar da ta fi ba mu ƙwarin gwiwa daga nahiyarmu ta fito. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya-ɗaya a zama shida. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya ɓangaren kusan rabi ne. A nan kusa da mu, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da masu jinya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a tare da shi, maimakon a kulle su. Mun gaji zaure, mun gaji zaman majalisa bayan la'asar, mun gaji gwaggo mai sauraro. Abin da muka rasa horo ne da riƙon sirri.

Malam da likita

Mun san abin da ke zuciyar wasu masu karatu: ai mai imani ba ya damuwa, wanda ya riƙe azkar da karatun Alƙur'ani ina shi ina wannan ciwo? Muna roƙon 'yan uwa su yi hattara da wannan magana, domin tana ƙara wa mai ciwo wani ciwon. Ya riga yana ganin kansa ba komai ba, sai kuma a ce masa imaninsa ma da rauni. Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ya taɓa ganinsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Ba wanda ya ce mai ciwon suga ko hawan jini rashin tawakkali ne ya kama shi, kuma addininmu ya kwaɗaitar da neman magani.

Ba mu ce a bar addu'a ko ruƙiyya ta shari'a ba. Su ne ƙarfinmu, kuma jam'in salla kansa yana fitar da mutum daga kaɗaici sau biyar a rana. Abin da muke cewa shi ne a haɗa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada hakan a Ibadan da Kumasi: suka haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna jinya tare. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Gwajin a kan masu taɓin hankali mai tsanani aka yi shi, amma darasinsa ya shafe mu: malam da likita ba kishiyoyi ba ne. Malamin da ya yi wa mutum addu'a sannan ya ce masa "gobe ka je asibiti, zan sa a raka ka" ya yi jinya biyu.

Abin da ba za mu lamunta ba shi ne duka da mari da sasari da sunan fitar da aljani ko gyaran hali. Duk mun ga hotunan ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Kaduna a watan Satumban 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai jinya a mutunta shi. Tun kafin dokar ma addini ya tanada.

Akwai kuma matakin da ba a jira. Idan mutum ya daina ci da sha, ko ya fara maganar barin duniya, ko yana rarraba kayansa yana neman yafiya ba dalili, ko mai jego ta fara jin muryoyi ko tsoron jaririnta, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ga irin wannan tsanani likitoci suna da hanyoyi, har da jinya da lantarki wadda ake yi bayan an sa mutum barci. Tana iya kawo mantuwa, ana kuma muhawara a kanta, amma ta ceci mutanen da komai ya gagara a kansu. Sababbin magunguna irin na fesawa a hanci da Amurka ta amince da shi a 2019 suna da tsada ƙwarai, ba su ne matsalarmu ta yau ba.

Ƙwaya ba ta biyan kuɗin haya

Wani zai ce: wanda aka ƙona wa rumfa jari yake buƙata, ba ƙwaya ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai manyan likitoci masu irin wannan ra'ayi, cewa kada a mayar da talauci da zalunci su zama ciwon da za a rubuta wa takardar magani. Mun yarda. Amma mun ga mutanen da aka haɗa wa jari suka kasa fita su juya shi, saboda ciwon ya riga ya zauna. Jari ba ya tayar da wanda ya kasa tashi, ƙwaya kuma ba ta cika tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita ya yi nasa, mu ma mu yi namu.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu, da masu martaba sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da limamai, da shugabannin mata. A nemi likitan ƙwaƙwalwa ko ma'aikacin jinya ya zo ya yi mana bayani, a samu mai fassara mai amana, maza daban mata daban. A zaɓi mutane kaɗan masu riƙon sirri a kowace unguwa, a nema musu horo na gaske a kan sauraro da gane alamun haɗari, kada a bar su da kyakkyawar niyya kawai. A ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota da na magani, domin da yawa ba saƙon murya ke sa su daina sha ba, rashin kuɗin wata na biyu ne. A tanadi mai rakiya mai jin Hausa da Yarbanci ko Turanci ga duk wanda za a kai asibitin koyarwa na Ibadan, ko Aro, ko Yaba. Wanda ya fi son a duba shi a gida, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Likita ma zai duba ko ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ne ke kwaikwayon damuwar.

Kowannenmu kuma yana da abin yi tun daga yau. Kafin mu tura saƙon da ya shafi magani, mu tambayi wanda ya sani. Mu daina kiran mai jinya da sunan da zai sa na bayansa ya ɓoye nasa ciwon. Sannan mu duba sahunmu: wane ne aka kwana biyu ba a gani a masallaci ba, wace ce ta daina fitowa suna da biki? Labarin zuciya a tambayi fuska, amma sai an je an ga fuskar. Mu je, mu yi sallama, mu zauna, mu saurara kafin mu yi wa'azi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, ya sa mu zama sanadin sauƙi ga junanmu. Amin.